Shekarar da Muka Tsallaka Kwalta da Buba

Bana ma ruwa ya zo. Tun watan jiya samarin unguwarmu suke can bakin jinga da shebur da buhuna, suna ɗura ƙasa suna jerawa, wasu kuma suna gefe da waya suna ɗaukar hoto, sai ka ce hoton ne zai tare kogi. Ni dai ina gida, gwiwa ta hana ni sakat. Shekaranjiya maƙwabciyata ta shanya geron da aka tsamo mata daga gona, iska ta kwaso min warinsa ta kan katanga. Wanda bai taɓa jin warin geron da ya kwana cikin ruwa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Tsami-tsami ne, da wani ɗan zaƙi mai tayar da zuciya. Ina jin sa na ajiye tsintsiya na zauna, don ya mai da ni wata damina da na fi shekara talatin ina so in manta.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakanninmu ne suka gaji da yawo suka zauna a wani ɗan ƙauye ta wajen Guri, suka haɗa kiwo da noma. Ni aure ya kawo ni cikin Haɗeja, gidan wani tela, kuma har lokacin Allah bai ba ni haihuwa ba. Yayana Sale yana can ƙauye da matarsa Dije, yarinya doguwa marar magana, da ɗansu na fari, Buba.

Matan yanzu da suke rungumar ɗan fari a gaban surukai, suna kiran sunansa har da yi masa waƙa, ba za su gane yadda muka taso ba. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon mutane. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gabanta ba ita za ta ɗaga shi ba. Nono kawai za ta ba shi, shi ma tana kallon wani wuri. Uban ma haka. Dije kuwa ta fi kowa riƙe wannan kunya, har tsofaffi suna yabonta, suna cewa ga 'yar mutunci. Da ciki ya shige ta tun ba a yaye Buba ba, sai aka cire shi daga nono aka kawo min shi riƙo, a farkon daminar nan. Na yi murna ba kaɗan ba. Yaro ne mai ƙiriniya, yana tafiya yana dafa bango, duk abin da ya samu sai baki.

Damina ta fara da kyau, shi ya sa ma ta fi ciwo. Gero ya yi tsawo ya fitar da kai, shinkafa ta yi shar a fadama, mutane har sun fara maganar bikin da za a yi da kaka. Sai sama ta buɗe ta ƙi rufewa. A wuni ana yi, a kwana ana yi, rana in ta leƙo sai ta koma. Daga nan kogi ya fara hawa a hankali, ba ƙara ba gudu, yau yana gindin waccan bishiya gobe ya wuce ta. Maza suka koma yankan gero a cikin kwalekwale, ɗanye, ko ido bai gama yi ba. Aka kora shanu tudu, can ma kofatonsu ya riƙa ruɓewa, nono ya ƙafe. Ranar da katangar gidanmu ta ƙauye ta zauna, ranar suka taso gaba ɗaya suka nufo gari.

Gidana ɗaki biyu ne da rumfa. A ciki na sauke Yaya Sale da Dije, da ƙanin mahaifinmu da muke kira Baffa, wanda shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifinmu, da matarsa, da wasu tsofaffi biyu, da yara. Maza suna zaure, mata muna cushe a ɗaka. Da asuba mu fara da faɗa da wuta, don itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai yake yi har idonka ya yi ja. In ta kama a ɗora ruwan kunu. Sai a fito da geron nan a baza, hadari ya taso a kwashe, ya wuce a sake bazawa, har ya tsiro a hannunmu. Da hantsi mata su tafi bakin ruwa tonon bado, yara su tafi tsinkar tafasa. Da yamma a yi tuwo ɗaya, a yi kwaɗon ganye, manya su ɗan taɓa su ce sun ƙoshi. Kifi kam akwai, amma kifi ba tuwo yana sa mutum ya tsani kifi. Ga sauro, ga kukan kwaɗi, ga ƙafar kowa ta yi fari ta tsattsage don zama cikin laka.

Ban lura da ranar da Buba ya daina dafa bango ba. Na dai ga ya koma zama wuri ɗaya. Sai ƙafafunsa suka kumbura, kumatunsa suka cika, har wata tsohuwa ta ce ai ƙiba yake. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa ta fara saɓulewa. In na kai masa kunu baki sai ya kau da kai. Ba ya ma kuka sosai, wani ɗan ƙugi yake yi kamar na ɗan akuya. Tsofaffi suka ce ya sha ciki ne, a ƙara nesanta shi da uwarsa. Aka yi rubutu, aka yi jiƙo, aka yi turare. Na kai shi asibiti na tarar har baranda masu amai da gudawa ne a kwance. Wanda ya duba shi ya ce tamowa ce, in riƙa ba shi ƙwai da madara. Ƙwai da madara! Na dube shi kawai na saɓa ɗana na fito, don in na buɗe baki ba daɗi za a ji ba.

Wata mai tallan kifi banda ce ta ce min in gwada mishan. A lokacin akwai kwalta da ta raba mu da unguwar baƙi, inda cocinsu yake da 'yar makaranta da ɗakin shan magani. Ba faɗa muke da su ba, amma ba ma shiga sabgar juna. Namijinmu zai tsallaka ya sayi ƙarfen keke ya dawo, nasu ya shigo kasuwa ya sayi kifi ya koma. Shekarar da ta gabata an yi rikici a wani gari mai nisa, labarin gawawwaki ya iso mu ya iso su, tun daga nan gaisuwar ma ta gajarce. Da ruwa ya ci gari sai mutanen mishan suka fara dafa kunu a manyan tukwane suna ba yara, ɗan kowa ne. Magana ta yi yawa a kai. Wasu su ce akwai abin da ake zubawa a ciki, wasu su ce yaro yana sha zai dawo yana waƙar coci. Ni ma ba zan ɓoye ba, gabana yana faɗuwa da wurin.

Na sami Yaya Sale a zaure shi kaɗai, na durƙusa na faɗa masa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Hajjo, ɗanki ne. Ke kika sani."

Washegari da safe na goya Buba na fita. Na yi nisa na waiga, sai ga Dije a bayana da ƙwarya a ka, da cikinta a gaba, tana tafiya kamar mai zuwa inji. Ban yi mata magana ba, ita ma ba ta yi min ba. Haka muka tsallaka.

Harabar cike take da mata da yara, namu da nasu, kowa da kwanonsa. Can gefe wasu yara suna tafi suna waƙa da sunan Yesu, na ƙara jan mayafina. Mai kula da wurin wata ce da ake kira Sista Rifkatu, gajera kakkaura, mutuniyar wajen duwatsun kudu, Hausarta ras amma da sauri kamar tana faɗa. Ta danna ƙafar Buba da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗebo wani farin kunu a cokali ta kai masa, ya kau da kai. Ta ba ni na gwada, ya ƙi.

"Ke ce uwarsa?"

Na ce a'a, ni goggonsa ce.

"To ina uwar? Ta rasu ne?"

Na nuna mata Dije da ke tsaye can jikin bishiya. Sista ta ɗaga murya ta ce, "Baiwar Allah, zo nan. Ɗanki ne wannan? Yaya sunansa?"

Dije ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin ƙwarya.

"Da ke nake! Zo ki karɓe shi ki ɗora a cinya, wataƙila ya ci a hannunki."

Dije ta juya mana baya. Na san abin da ke cin ta, amma Sista ba ta sani ba. Ita mace ce da ta wuni tana ganin uwaye suna kuka a kan 'ya'yansu, sai ga wata ko kallo ba ta yi. Ranta ya ɓaci, ta ce da ƙarfi, a gaban duk matan nan, "Wace irin uwa ce wannan? In ba kya son sa ki bar mana shi mana! Muna da inda muke riƙon yara, mu za mu raine shi."

Wallahi har yau in na tuna bakin matar nan sai na ji haushi. Na ja ta gefe na ce, "Sista, kin yi ɓarna. Ɗan fari ne. A wurinmu ba ta taɓa shi a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kin ga ai biyo mu ta yi."

Ta kalle ni, ta kalli Dije. Ta ce, "Ko yana mutuwa?"

Na ce, "Ko yana mutuwa."

Ta dafe kai. Sai ta shiga ciki ta fito da tabarma da igiya, ta ɗaure a kusurwar baranda ta yi ɗan lungu. Ta sa Buba a ciki da kofin kunu, ta kore mu duka muka koma wajen tukwane, ita ma ta juya baya tana ta faɗa da masu rabo. Da na saci kallo, babu Dije a jikin bishiya, sai ƙwaryarta. Ta ƙasan tabarma ina hango ƙafafunta a miƙe. An jima ta turo kofin waje, babu komai a ciki.

Haka muka riƙa yi. Mu zo da safe, mu koma kafin magariba, ni a gaba da goyo ita a baya da ƙwarya. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, a huta a sake. Kumburin ya fara sacewa, har ya koma ƙaramin abu kamar ba shi ba, Sista ta ce haka ake so. Wata rana ina zaune kusa da tabarmar na ji Dije tana magana ƙasa-ƙasa, irin shirmen da uwa ke yi wa ɗa, na ji shi kuma ya yi 'yar dariya. Tun da aka haife shi ban taɓa jin muryarta a kansa ba. Na tashi na bar wurin don kada ta san na ji. Sista ta ce in aka ci gaba haka, kafin ruwa ya janye zai taka da ƙafarsa, amma kada a kuskura a yanke.

Ashe maganar da ta yi ranar farko ta riga mu tsallaka kwalta. Matan da suka ji sun kai gida, daga gida ta shiga zaure, daga zaure ta kai bakin masallaci. Kafin ta gama zagaya gari ta zama wai mishan sun ce a bar musu ɗan Sale, uwar ta yarda, har an ware musu ɗaki.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne, ana yayyafi. Na ji harabar ta yi tsit. Na leƙa sai na ga samari sun yi layi a bakin kwalta ta ɓangarenmu, wasu da sanduna. Ta wannan ɓangaren kuma mazan coci sun fito sun tsaya a bakin ƙofa, hannayensu a baya, ban san me suke riƙe da shi ba. Sai ga Baffa ya ratso tsakiya da sandarsa, Yaya Sale yana bin sa.

Na tare shi na durƙusa a cikin laka. Na ce, "Baffa, don Allah. Sauƙi yake samu. Zo ka gani da idonka."

Ya ce, "Hajjo, tashi. Na san yana samun sauƙi, ba makaho ba ne ni. Kin ga waɗancan? Tun safe nake riƙe da su. Ko in fito da shi a kafaɗata su gani, ko su shigo su ɗauko shi da kansu. In suka shigo, yaran nan da ke cike da gidan nan fa? Namu da nasu?"

Sista Rifkatu ta iso tana haki. Ta ce, "Baba, ni na yi maganar nan, bakina ne, ban san al'adarku ba. Ku kai ni gabansu in faɗa musu. Ba mai riƙe muku ɗa. Amma in aka yanke masa yanzu, komawa zai yi."

Baffa ya ce, "'Yata, mun gode da abin da kika yi. Amma yau ba ranar jin magana ba ce."

Ta juya kan Yaya Sale. "Kai ne uban ko? Na san ba ka magana a kansa, an faɗa min. Amma yau ɗaya dai, ka ce wani abu!"

Yaya Sale ya kafa ido a ƙasa.

Baffa ya nufi baranda ya yi gyaran murya. Dije ta fito daga bayan tabarma ta ɗaya gefen, hannunta wayam, ta je ta ɗauki ƙwaryarta. Ya ɗauko Buba ya ɗora a kafaɗa ya tsallaka, samarin suka gani, suka yi ta hayaniya suka watse. Ba a zubar da jinin kowa ba ranar, wannan gaskiya ne, kuma na sha faɗa wa kaina haka. Sista ta cusa min ƙullin garin kunun a cikin zane, ta yi min bayanin yadda ake damawa tana maimaitawa.

A gida na dama kamar yadda ta ce. Ya ƙi karɓa. Na kai shi ɗakina na ce wa Dije ta shiga, ni zan tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi tsakar gida, ga matar Baffa tana tankaɗe, ga tsofaffi a rumfa, ga Baffa kansa ana jin tarinsa daga zaure. Ta ce, "Adda," haka take kirana, "can baƙi ne. Nan fa?" Na gaya mata baƙar maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba don zafi, ta tsaya ta shanye. Sau ɗaya ta shiga, da aka tafi tonon bado, ya sha kuwa. Da tsofaffi suka dawo suka gane, suka yi ta faɗa, wai mai ciki tana ƙara masa ciwo. Daga nan ba su ƙara barin gidan babu kowa ba.

Kumburin ya dawo, ya fi na da. Wata safiya bayan an idar da salla, yana cinyata, ya cika. Ban ce da an bar shi can da ya rayu ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na ga yaron nan yana dawowa da idona, kuma na ga inda aka tsayar da shi.

Ni na yi kuka har aka riƙa riƙe ni, don ni an yarda in yi. Dije kuwa ta ɗauki tulu ta tafi ɗebo ruwan da za a yi masa wanka. Da aka fita da shi tana bakin murhu tana hura wuta. Masu zuwa gaisuwa ni suke yi wa, su yi wa matar Baffa, in sun zo wucewa ta gabanta su ce sannu da aiki, ta ce yauwa. Tsofaffi suna ta cewa kai, yarinyar nan akwai kunya.

Washegari da la'asar muna zaune a tsakar gida, sai muka ji sallama da wata irin murya. Sista Rifkatu ce, ita kaɗai, ta yafa gyale, takalmanta a hannu saboda laka. Yadda ta ratso unguwar nan a wannan makon, Allah kaɗai ya sani. Wasu matan suka janye ƙafa. Ta gaishe da tsofaffi, ta gaishe ni, sannan ta wuce kai tsaye ta zauna a ƙasa kusa da Dije, wadda ke tsince tafasa a faifai.

Ta buɗe baki za ta yi gaisuwa. Sai kawai ta fashe da kuka, irin kukan mutanensu, da ƙarfi, tana dukan cinya tana kiran sunansa. "Buba! Wayyo Buba! Ya fara dariya fa, ya fara kama cokali!"

Matar Baffa ta miƙe ta ce, "Subhanallahi! Ke baiwar Allah, ba a yi mana haka a gida. Hajjo, fitar da ita."

Na yunƙura zan tashi. Dije ba ta ɗago ba, hannunta bai bar faifan ba, idonta a bushe. A gaban surukanta duka, ita da ba a jin muryarta, ta ce:

"Ku ƙyale ta. Nawa kukan take yi min."